Caca A Kan Kujerar Manaja

A ƙasar Ingila, in ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta shiga halin ƙaƙa-nika-yi, ana cinye ta mako bayan mako har ta gangara ƙasan jeri, abin da masu ita su kan fara yi shi ne su sallami manaja, watau mutumin da ke horad da 'yan wasa, ya kuma zaɓi waɗanda za su shiga fili. To, kafin wanda aka sallama ya gama kwashe takardunsa daga ofis, kamfanonin caca sun riga sun buga sunayen mutum goma ko ashirin waɗanda a ke tsammani ɗayansu zai gaje shi, kowane suna da ninkin da za a biya wanda ya zuba kuɗi a kansa in ya dace. Har ma tun farkon shekarar wasa su kan buɗe wata cacar a kan wane manaja za a fara kora.

Da can wannan al'amari na Turawa ne su kaɗai, sai dai mu ji labari. Amma yanzu samarinmu suna cika gidajen kallo kowace Asabar da Lahadi domin wasannin Firimiya, kuma wayar hannu ta sa gidan caca cikin aljihun kowa. Saboda haka ya zama wajibi mu yi magana a kansa, musamman da akawuna da malaman makaranta, gama su ne masu albashi a ƙarshen wata, su ne kuma yara ke koyi da su.

Kowane Musulmi ya sani Alƙur'ani mai girma ya haɗa caca da giya wuri ɗaya a cikin Suratul Ma'ida, ya hana su duka. Wannan kaɗai ya isa. Amma tun da ya ke akwai masu cewa wannan ba caca ba ce, sanin ƙwallo ne da bin labarai, ya kamata mu duba ta da idon hankali da na lissafi. Ra'ayinmu shi ne, a cikin dukan cacar da a ke yi a kan ƙwallo babu wadda ta kai wannan wauta ga mutumin waje. In ana wasa a fili, muddin ba a yi maguɗi ba, ba wanda ya san ƙarshensa sai alƙalin wasa ya busa usur, kuma dubban mutane suna kallo. Shi kuwa naɗin manaja a ɗaki a ke yinsa, tsakanin mutum uku ko huɗu: mai ƙungiya, da sakatarensa, da lauya, da wakilin wanda za a ɗauka. Waɗannan sun san amsa kwana ɗaya ko biyu kafin duniya ta sani. Wanda ya zuba kuɗinsa daga Kano ko Zariya yana caca ne a kan abin da waɗansu suka riga suka sani.

Bari mu kawo misali da ƙungiyar Portsmouth, ta wani gari mai tashar jirgin ruwa a kudancin Ingila. Wani manaja mai suna Harry Redknapp shi ya hau da ita aji na ɗaya, watau gasar Firimiya, cikin 2003. A watan Nuwamba na 2004 suka saɓa da shugaban ƙungiyar, Milan Mandaric, ya ajiye aiki. Ba a yi wata guda ba sai ga shi ya kama aiki a Southampton, garin da ke maƙwabtaka da su, tazarar kamar mil 20, alhali kuwa tsakanin magoya bayan ƙungiyoyin biyu akwai tsohuwar gaba. Southampton ta faɗa aji na biyu a hannunsa cikin 2005. Ita ma Portsmouth ba ta ji daɗi ba. Ta ɗauko wani Bafaranshe, Alain Perrin, a watan Afrilu na 2005, ta sallame shi a watan Nuwamba na shekarar, tana dab da faɗuwa.

Da kujera ta zama babu kowa sai kasuwar caca ta buɗe. Mutane da yawa sun ɗauka ba shi yiwuwa wanda ya tafi wajen abokan gaba ya komo. Amma kuɗi suka yi ta kwarara a kan sunan Redknapp, har jaridun Ingila suka ba da labari cewa a kamfanin Betfair kaɗai kuɗin da ya yi yawo a kan wannan magana ya wuce fam miliyan 16. Shi Betfair ba kamar sauran gidajen caca ba ne, dandali ne inda 'yan caca ke karawa da junansu, wannan ya ce za a naɗa wane, wancan ya ce ba za a naɗa shi ba, kamfani ya cire la'adarsa daga ribar wanda ya ci. Ran 7 ga Disamba 2005 aka naɗa Redknapp. Yawan kuɗin nan ya sa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila ta buɗe bincike don ta ga ko wani na ciki ya fitad da labari. Ba mu ɗora wa kowa laifi a nan. Abin da mu ke so a lura da shi kurum shi ne, a irin wannan dandali kowane fam da wani ya ci daga aljihun wani ɗan cacan ya fito. In akwai mutum ɗaya tak a cikin taron wanda ya ji maganar daga bakin mai ita, to, sauran duk sun zama abincinsa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Ita kanta hukumar ta gane haka. Daga watan Agusta na 2014 ta kafa doka ta hana 'yan wasa da manajoji da ma'aikatan ƙungiyoyin manyan azuzuwa su yi caca a kan kowane al'amari na ƙwallon ƙafa ko'ina a duniya, har da sayen 'yan wasa, da ɗaukar manaja, da zaɓen waɗanda za su buga. Ta kuma hana su ba wani labarin cikin gida domin ya yi caca da shi. Dokar ta yi aiki a kan manyan mutane. A watan Maris na 2020 aka dakatad da Daniel Sturridge wata 4, aka ci shi tarar fam 150,000, saboda labarin da ya ba ɗan'uwansa cikin 2018 game da yiwuwar komawarsa ƙungiyar Sevilla. A watan Disamba na 2020 kuma aka dakatad da Kieran Trippier mako 10, da tarar fam 70,000, domin ya gaya wa abokansa zai koma Atletico Madrid cikin 2019, su kuwa suka je suka zuba kuɗi. Waɗannan biyu a kan canjin ƙungiya na ɗan wasa ne, amma hanyar ɗaya ce da ta naɗin manaja: magana ce da a ke yankewa a ɗaki. Ruwa ba ya tsami banza. Hukuma ba ta kafa doka a kan abin da ba ya aukuwa, kuma kowa ya san waɗanda a ke kamawa ba su kai waɗanda ke tsira yawa ba.

To, a ce ma babu na ciki ko ɗaya, kowa a duhu ya ke. Duk da haka lissafi ba ya bayan ɗan caca. Ga wani misali da kowane malamin aji huɗu zai iya rubutawa a allo. Mu ce mutum huɗu a ke zato. Mai gidan caca ya ce, wanda ya sa fam 1 a kan na farko ya dace, zai sami ribar fam 1 tare da uwar kuɗinsa. A kan na biyu ribar fam 2, a kan na uku ribar fam 3, a kan na huɗu ribar fam 5. Jama'a suka zuba fam 60 a kan na farko, fam 40 a kan na biyu, fam 30 a kan na uku, fam 20 a kan na huɗu. Jimla fam 150 ke nan a akwatinsa. In aka naɗa na farko zai biya 60 sau 2, watau fam 120. In na biyu ne, 40 sau 3, fam 120. In na uku ne, 30 sau 4, fam 120. In na huɗu ne, 20 sau 6, har wa yau fam 120. Ko wa aka naɗa, fam 30 ta zauna masa, ɗaya bisa biyar na kuɗin jama'a, bai yi gumi ba. In kuwa aka ɗauko wani na biyar wanda ba a sa kome a kansa ba, duk fam 150 ɗin tasa ce. Aikinsa dare da rana shi ne ya riƙa ɗaga ninki yana saukewa don kuɗi su rarrabu kusan haka. Ba ya bukatar ya san ƙwallo. Lissafi kawai ya sani, irin wanda mu ke koyarwa kyauta a makaranta, waɗansu ɗalibai na gudunsa.

Bayan wannan akwai sharuɗɗa waɗanda a ke bugawa da ƙananan baƙaƙe, ba kowa ke karantawa ba. Waɗansu kamfanoni ba su lissafa mai riƙon ƙwarya a matsayin manaja sai ya ja ragamar wasa 10. Mutum na iya ganin wanda ya zaɓa yana tsaye a bakin fili yana ba da umurni, ya je karɓar kuɗi a ce masa tukuna.

Waɗansu su kan ce, ai sai a bi sunan da ke kan gaba a jerin kamfani, tun da su sun fi mu sani. Wannan ma ruɗi ne. Sau da yawa abin da ke kai suna kan gaba ji-ta-ji-ta ce. Wani ya ga wane a filin jirgin sama, 'yan mutane kaɗan su zuba kuɗi, kamfani ya rage ninki don kada ya yi asara, jarida ta buga cewa 'yan caca sun ce wane ne, sa'an nan waɗansu su karanta jarida su ƙara zubawa. Magana ta zaga ta komo inda ta fito, kowa na tsammani daga wani masani ya ji. Shi wannan Redknapp ɗin ya zama shaida a kan haka. A watan Fabrairu na 2012 Fabio Capello ya bar aikin horad da 'yan wasan ƙasar Ingila. Jaridu da kamfanonin caca da mutanen gari duk suka haɗu a kan cewa Redknapp ne zai gaje shi, kamar an gama magana. A watan Mayu hukumar ta naɗa Roy Hodgson. Watau a 2005 wanda ya ƙi bin taro ya yi asara, a 2012 wanda ya bi taro ya yi asara, a kan sunan mutum ɗaya. Wace dabara ce za ta fisshe ka a kasuwa irin wannan?

Akwai kuma wata ɓarna da ta wuce ta aljihu. Cacan nan tana koya wa mutane su ɗauka ciwon kowace ƙungiya manaja ne, maganinta kuma sabon manaja. Mu koma ga Portsmouth mu gani. Gaskiya ne Redknapp ya tsamo ta daga faɗuwa cikin 2006, har ta ci Kofin Ƙalubale na Ingila cikin 2008, inda ɗan ƙasarmu Nwankwo Kanu ya jefa ƙwallo ɗaya tilo a ragar Cardiff a filin Wembley. Amma da bashi aka gina wannan daɗi, ana biyan 'yan wasa albashin da ya fi ƙarfin ƙungiya. Redknapp ya tafi Tottenham a watan Oktoba na 2008. Aka naɗa Tony Adams, aka sallame shi a Fabrairu na 2009. Aka naɗa Paul Hart, aka sallame shi a Nuwamba. Aka naɗa Avram Grant. A tsakanin nan ƙungiyar tana ta canza masu ita, albashin 'yan wasa yana makara, hukumar haraji tana bin ta kotu. A watan Fabrairu na 2010 aka danƙa ta hannun masu riƙo saboda bashi, ita ce ta farko a tarihin Firimiya da haka ta same ta. Aka zare mata maki 9, ta faɗa aji na biyu. Cikin 2012 abin ya sake maimaituwa, aka zare maki 10, ta faɗa aji na uku, cikin 2013 ta faɗa aji na huɗu. Duk sa'ad da aka kori manaja, hankalin masu kallo yana kan wa zai hau, ba ya kan littafin kuɗi inda ainihin ciwon ya ke. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya ceci Portsmouth daga mutuwa shi ne magoya bayanta. A watan Afrilu na 2013 suka haɗa kai, suka tara kuɗi, hannun jari ɗaya fam 1,000, tare da taimakon waɗansu attajiran gari, suka karɓi ƙungiyar. Daga nan ta fara farfaɗowa, ta ci gasar aji na huɗu cikin 2017, ta ci ta aji na uku cikin 2024. A gwada fam miliyan 16 ɗin nan da ta yi yawo cikin 'yan kwanaki a 2005, wadda ko sisi bai shiga asusun ƙungiya ba, da kuɗin da talakawan gari suka tara a 2013. Wanne ne a ciki kuɗin masoya?

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce, ina labarin Leicester? Lalle kuwa, cikin 2015 ƙungiyar nan da ƙyar ta tsira daga faɗuwa, ta ɗauko Claudio Ranieri na Italiya, wanda ƙasar Girka ta sallama a 2014 bayan 'yan tsibiran Faro sun cinye ta a gida. Kamfanonin caca suka sa ninki 5,000 a kan Leicester za ta ci gasa, suka kuma sa Ranieri a sahun gaba na waɗanda za a fara kora. Sai ga shi ta ci gasar a watan Mayu na 2016, 'yan ƙalilan da suka zuba kuɗi suka sami abin da ba su taɓa mafarki ba. Amma a lura, dalilin da ya sa har yau a ke ba da wannan labari shi ne don irinsa ba ya aukuwa kullum. Labarin mutum ɗaya da ya ci shi ne tallar da ke jawo dubu su zuba. Shi kuwa Ranieri, wanda a zamaninsa Ahmed Musa namu ya koma Leicester a Yuli na 2016, an sallame shi a Fabrairu na 2017, wata 9 bayan ya ɗauki kofi. Kamfanoni suka sake buɗe jeri, kamar ba a yi kome ba.

Za a kuma ce, kuɗina ne, 'yar naira ɗari ce ta nishaɗi. To, ba wanda ya fara da albashinsa duka. Da kaɗan a ke farawa, in an yi asara a ƙara don a maido, in an ci a ƙara don an ga hanya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ingila ta halatta kantunan caca tun 1961, tana da hukumar da ke sa musu ido, amma duk da haka a watan Afrilu na 2023 ƙungiyoyin Firimiya da kansu suka yarda su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunan 'yan wasa, saboda kukan da jama'a ke yi a kan gidajen da caca ta rusa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan Nijeriya, a watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara al'amarin caca hakkin jihohi ne, ta rushe ikon da dokar tarayya ta 2005 ta ke da shi a kansu. A Kano kuma Hukumar Hisba ta rufe kantunan caca da dama cikin shekarar. Wannan mataki ne mai kyau, amma ɗan Hisba yana iya sa kwaɗo a ƙofar kanti, ba ya iya sa shi a wayar da ke aljihun yaro. Ragowar aikin na iyaye ne da malamai da shugabannin ofisoshi.

Ga akawuna muna da magana ta musamman. Tun zamanin En'e darajar akawu ita ce riƙon asiri. Ta hannunsa takardar ɗaukar aiki ke bi, da ta canjin wuri, da ta ƙarin girma, ya kan san wa za a naɗa kafin shi wanda za a naɗa ɗin ya sani. Watau a ofishinsa shi ne na ciki. Mutumin da ya saba kowane mako yana kallon naɗin wani a Ingila kamar haja mai farashi, kuma bashin caca ya hau kansa, ran da wani ya zo da ɗan abin goro yana tambaya wa aka ba kujera kaza, da wuya bakinsa ya riƙe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kujerar manaja kuwa, kamar kowace kujera, abincin wani ce da na iyalinsa. Ba halin kirki ba ne mutum ya zauna yana fatan a kori wani daga aiki don shi ya ci naira dubu biyu.

Ga malaman makaranta kuma, roƙonmu shi ne a ɗauki misalin nan na fam 150 a mai da shi naira, a ba yara su yi da hannunsu a darasin lissafi, su gano da kansu inda fam 30 ta tafi. Yaron da ya gano haka da alƙalaminsa ya fi wanda aka yi wa faɗa sau goma tsira. Amma malami ba ya iya koyad da wannan da safe, da yamma almajiransa su gan shi a gidan kallo yana duba ninki a waya.

Ba mu hana kowa son ƙwallo ba. Wasa ne mai kyau, yana gina jiki, yana koya wa yara haɗa kai da bin doka. A kalla, a yi gardama a kan wane manaja ya fi, a yi dariya a watse. Wanda ya ke da rarar kuɗi kuma yana son ƙwallo da gaske, ga ƙungiyoyin garinsu nan, ya biya kuɗin ƙofa ya shiga ya kalla, ko ya saya wa 'yan makarantar unguwarsu ƙwallo da riguna, kamar yadda mutanen Portsmouth suka tsaya wa tasu. Masu ƙungiya a Ingila za su naɗa wanda suka ga dama, ba za su shawarce mu ba. Allah ya tsare mana amanarmu da guminmu, amin.